Furanni ga mata, yaƙi ga maza: tarihin darasin zane a Faransa

Duk malamin da ya taɓa koyar da zane ya san darasin farko: a ajiye abu bisa tebur, ɗalibi ya dube shi da kyau, ya zana abin da idonsa ya gani. A Faransa, ƙasar da muka gaji tsarin makarantarta, zaɓen abin nan da ake ajiyewa ya daɗe yana raba maza da mata.

A 1648 aka kafa majalisar sarki ta masu zane da sassaƙa a birnin Faris. A 1667 André Félibien ya jera nau'o'in zane daki-daki: labaran tarihi da na addini su ne a sama, sai hoton mutum, sai dabbobi, sai daji da gonaki, a can ƙasa kuma abubuwa marasa rai, wato furanni, ƴaƴan itace da kayan ɗaki. Zanen tarihi ba ya samuwa sai da sanin ƙirar jikin mutum, wanda ake koyo ta hanyar duban mai tsayuwa tsirara. Da sunan kunya aka hana mata shiga wannan aji, don haka abin da ya rage musu shi ne matakan ƙasa. Da zanen kayan kiɗa da kayan aikin masu zane Anne Vallayer-Coster ta shiga majalisar a 1770, kuma ba a yarda mata su wuce 4 a cikinta ba.

Haka abin yake a Ingila. Angelica Kauffman da Mary Moser suna cikin waɗanda suka kafa majalisar zane ta Landan a 1768, amma a hoton da Zoffany ya yi wa ƴan majalisar a ajin tsirara, siffofinsu kaɗai ya rataye a bango.

Sai a 1897 babbar makarantar zane ta Faris ta karɓi mata, bayan gwagwarmayar ƙungiyar da Hélène Bertaux ta kafa a 1881. An buɗe musu gasar Roma a 1903, kuma a 1911 Lucienne Heuvelmans ta zama mace ta farko da ta ci ta.

Abin lura shi ne, Chardin, wanda namiji ne, da tukwane da kifi ya yi suna, har majalisar ta karɓe shi a 1728. Ashe doka ce ta keɓe wa mata kayan ɗakin girki, tukunya ba ta zaɓi mai zana ta ba. Saboda haka malamin da zai ajiye ƙwarya da hauya gaban ajinsa, a Damagaram ko a Tawa, ya kamata ya bar kowane ɗalibi, mace da namiji, ya zana su duka biyu, ya auna aikinsu da ma'auni guda: siffa, haske da inuwa.