Daga Zaure zuwa Falo: Yadda Shirin Ɗaki Ya Sauya a Ƙasar Hausa

Kalmar falo baƙuwa ce a Hausa, daga Turanci aka aro ta, kuma ɗakin da take nufi bai daɗe a gidan Bahaushe ba. Kafin ƙarni na 20, aikin da falo ke yi a yau a rabe yake tsakanin wurare biyu: zauren maigida, inda ake karɓar baƙi maza, da ɗakin matar gida can cikin gida, inda mata ke taruwa. Zaure fili ne kusan fayau, ɗakin mace kuwa maƙare yake da kaya tun daga ƙasa har rufi. Yadda ake shirya babban falo a Kano ko Zariya ko Maraɗi a yau gado ne daga waɗannan wurare biyu.

A ginin gargajiya, faɗin ɗaki yana hannun azara. Itacen giginya ne ake tsagawa a yi azara da shi, saboda gara ba ta cinsa da sauƙi, amma idan aka ɗora masa nauyin ƙasar rufi ba ya iya tsallake fiye da kimanin mita biyu ba tare da tokari ba. Wanda ke son ɗaki mai faɗi sai ya nemi magini da ya iya bakan gizo, wato a riƙa ɗaure azara a kan azara daga bango, tana lanƙwasowa har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakan gizo biyu suka gitta juna a tsakiyar rufi, an sami ɗaurin guga. Wannan aiki ne mai tsada, shi ya sa babban soro ya zama alamar sarauta ko attajirci. Gwanin da ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. A Gidan Rumfa na Kano, wanda asalinsa ke komawa ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), akwai soraye na zaman fada da aka yi ta ƙarawa ana sabuntawa, ciki har da Soron Ingila na zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A irin waɗannan soraye adon yana jikin ginin ne: zanen da aka fitar da yatsa tun ƙasa na ɗanye, dagi, launuka a jikin baka, wani lokaci har da faranti da aka kafe a tsakiyar rufi inda bakunan suka haɗu.

Kayan zama kuwa kaɗan ne, kuma kusan duk a ƙasa suke. Talaka tabarmar kaba yake shimfiɗawa, malami buzu, mai hali darduma, sarki kuma kilishi a kan karaga, da tumtum na fata don jingina. Shimfiɗar sarki abu ce mai girma har ta zama sarauta, domin a fadar Kano akwai mai riƙe da muƙamin Kilishi. Tunda babu kujerar da za ta nuna babba, wurin zama ne ke nuna shi. Maigida yana zama inda zai ga mai shigowa, manyan baƙi a kusa da shi, saura su bi jikin bango gwargwadon shekaru da matsayi, yara da barori a bakin ƙofa kusa da takalma. Tsakiya a buɗe ake barinta, domin nan mai gaisuwa zai durƙusa, nan za a ajiye akushin tuwo, nan almajiri zai zauna da allonsa. Idan zama ya tashi sai a naɗe tabarma a jingine ta a kusurwa, zaure ya koma wurin saƙa ko ɗinki ko kwanan baƙo.

Ɗakin mace wani sha'ani ne daban. A al'ada miji ɗaki kawai yake bayarwa, iyayen amarya ne ke cika shi, kuma duk abin da suka zuba mallakinta ne. Idan aure ya mutu da kayanta take fita, ta bar masa bango huɗu. Kafin a kawo amarya, mata sukan taru su yi daɓe, suna bugun ƙasa da maɗabi suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba har daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Bayan haka sai ranar jere, wadda wasu ke kira kafi. Gwaggwanni da innoni da yayyen amarya ne ke zuwa da kayan, su wuni suna ɗorawa suna saukewa, kuma a kowace unguwa akan sami wata da aka sani da iya jere, wadda ba a fara aiki sai ta iso.

Jeren farko na ƙorai ne. Ana fafe duma, a kankare, a yi masa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, sannan a jera daga masaki babba zuwa 'yar ƙaramar ƙwarya, kowace da faifanta mai launi, wasu a ɗora a kan juna, wasu a rataye a ragaya. Gefe guda ga gado, na kara ko na gwangwala, ko gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi da ake zuba garwashi lokacin hunturu. Ana rufe shi da luru ko gwado saƙar gida. Ga adaka ta tufafi, ga 'yar kujerar tsuguno, ga alkuki a bango inda fitilar aci-balbal ke zama. 'Ya'yan sarakuna da na fatake sukan ƙara da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida da na Kano suka yi suna a kansu, da tangaran da ya biyo ayari ta hamada. Tasa tana da abin da ƙwarya ba ta da shi: ba ta fashewa, kuma ana iya sayar da ita ranar buƙata.

Babban sauyi ya biyo layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya sa kuɗi a hannun manoma, kamfanonin Turawa irin su John Holt, da UAC bayan kafa shi a 1929, da kantunan Kwarori suka cika kasuwa da kwanukan ƙarfe masu fenti. Mata suka karɓe su hannu bibbiyu, suka raɗa musu sunaye: langa, samira, fanteka, kumbo, kwalla. Da farko daga Turai ake kawo su, daga baya daga Hong Kong, kuma wajen lokacin samun 'yancin kai masu masana'antu daga can suka buɗe kamfanonin yin su a Legas da Kano. Kwano ya yi araha, jere ya ƙara tsawo.

Wannan ne zamanin danƙo. Masu jere sukan ɗumama shi ya yi laushi, su mulmula shi, su manna a gindin faranti, su danna a bango, layi bayan layi, manya a ƙasa ƙanana a sama, ana lura da launi kada ja biyu su haɗu inda ya kamata shuɗi ya raba su. Bango guda yakan rufe gaba ɗaya har ba a ganin ƙasarsa. A gabansa kuma a tayar da samiru a kan teburi, kowace a kan murfin 'yar'uwarta, har su kusa taɓa rufi. Yawancin kwanukan nan ba a taɓa zuba abinci a cikinsu. Aikinsu a gani, kuma masu zuwa ganin ɗaki ƙirgawa suke yi, su koma gida su ba da labari. Idan zafi ya yi yawa danƙo ya saki, faranti ya faɗo cikin dare, fentin bakinsa ya ɓantare, kuma kwanon da ya ɓantare ya bar jere ke nan, ya koma madafa.

Masu binciken da suka zauna cikin Hausawa sun lura cewa abin ya wuce ado. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda matan aure masu sana'ar abinci ke zuba ribarsu a kwanuka masu launi ƙirar ƙasar Cekosulobakiya, suna jera su har rufi. Enid Schildkrout kuma, a binciken da ta yi a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda tallan da yarinya ke yi wa uwarta yake taimakawa wajen tara mata kayan ɗaki. Macen da ke cikin kulle, ba ta zuwa banki, ba ta kuma son kuɗinta ya zauna inda miji ko ɗan'uwa zai ranta, ta sami asusun da kowa ke gani amma ba mai iya taɓawa. Daga adashi da gudummawar biki ake sayen kwanukan ɗaya bayan ɗaya, kuma idan 'yarta ta isa aure sai ta sauke rabin bangonta ta ba ta. Masu sukar al'adar, malamai da 'yan boko, sun daɗe suna kiranta almubazzaranci, amma ba su cika kula da wannan lissafin ba.

Gado ma ya sauya. Gadon ƙarfe mai rumfa ya kori na kara, aka riƙa ɗora masa katifu biyu ko uku na audugar rimi da tulin matasai masu ɗinkin hannu, har sai an taka wani abu kafin a hau. Katifar soso ta zo daga baya, bayan kafa kamfanoni irin su Vitafoam a 1962.

Falo shi kansa ta hanyar ma'aikata ya shigo. Gidajen da Turawa suka gina wa kansu a unguwanni irin su Nasarawa a Kano, da na ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa, suna da ɗakin zama a cikin ginin, mai kujeru da teburi. 'Yan bokon da suka gaji waɗannan gidaje bayan 1960 sun gaji tsarin, siminti da kwanon rufi kuma suka cire wa ɗaki iyakar da azara ta sa masa. A cikin gari aka fara gina ciki da falo, gado ya koma ciki, kujeru suka tsaya a waje. Abin lura shi ne, da falo ya shiga cikin gida sai ya faɗa ƙarƙashin dokar ɗakin mace: iyayen amarya ne za su sa kujeru da labule da leda ko kafet. Nauyin da a da kwano da gado ne kawai, ya ƙaru da saitin kushin.

Kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, sun hanzarta abin. Kafintoci suka shiga yin gado da kabad na fomeka, kwanuka suka sauko daga bango suka shige bayan gilashi, langa ta ba tangaran da kofunan gilashi wuri, daga baya kuloli suka zo suka hau saman kabad. Alhazai suka riƙa dawowa daga Makka da darduma mai hoton Ka'aba da agogon bango da faranti mai rubutun ayoyi, waɗanda suka zama adon bangon falo a gidajen da ba a son rataye hoton mutum. Talabijin, wadda ta fara aiki a Kaduna a 1962 amma ba ta yawaita a gidaje ba sai bayan shekaru, ta kawo wani sabon abu: a zaure kowa maigida yake fuskanta, a falo kuwa kujeru suka juya suka fuskanci akwatin, aka yi masa mazauni na musamman a dibaida.

Duk da haka, wanda ya shiga babban falo a yau zai ga tsohon tsarin zaure a ƙarƙashin sabbin kaya. Saitin kujeru, mai zaman mutum uku da mai biyu da ɗaiɗaiku biyu, jikin bango ake kai shi, kuma idan falon ya yi girma sai a sa saiti biyu su zagaye shi, maimakon a raba shi gida-gida kamar yadda ake gani a mujallun Turai. Tsakiya ta kafet ce. Teburin tsakiya yakan sha turi zuwa gefe, domin a nan ake shimfiɗa ledar cin abinci, a nan ake jam'in salla idan baƙi sun yi yawa, a nan mata ke zama ranar suna ko zaman makoki. Teburin cin abinci mai kujeru shida yana can a lungunsa, sau da yawa kuloli ne kawai ke zama a kai. Kujerar maigida sananniya ce, tana kallon ƙofa, kuma yaro mai tarbiyya ko suruki ba ya hawa kujera a gaban babba, sai ya zame ya zauna a ƙasa ko da kujeru goma ba kowa. Masu hali sukan gina falo biyu, na maigida mai ƙofa ta waje da na iyali a ciki, wato zaure da cikin gida sun dawo da sabon suna. Wasu ma sun cire kujerun daga ɗaya, sun zagaye bango da katifun zama da matasai irin na Larabawa, ga kaskon turaren wuta a kusurwa.

Kayan yanzu daga Dubai da Turkiyya da Sin ake kawo na masu kuɗi, kafintocin gida kuma suna duba hoto a waya su kwaikwaya wa mai ƙaramin ƙarfi. Labule ana yanko shi a Kantin Kwari, rufi ana yi masa ado da farar ƙasa ta zamani da fitilu a ɓoye, ƙasa kuma tayil ne. A manyan birane an sami masu sana'ar shirya gida da ake biya su yi jere, gwaggwanni su zo su tarar an gama, sai dai su gyara zaman labule su sa albarka. Tsadar kayan, wadda ta tsananta tun faɗuwar darajar naira bayan 1986, ta sa aurar da 'ya mace ya zama abin da uba ke shekaru yana tanadi dominsa, wani har ya sayar da gona ko fili. Lokacin da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah a 2012, ban da sadaki, gado da katifa da sauran kayan ɗaki na cikin abin da ta ɗauke wa iyayen amare. A ƙauyuka da dama na Katsina da Damagaram kuwa har yanzu ana jera samiru a kabad, a gefen kujerun roba da talabijin mai aiki da hasken rana.