Daga Aci-bal-bal Zuwa Farantin Sola: Tarihin Neman Wuta a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na raka kawuna wata kasuwa a ƙasar Gwarzo, muka tarar mutane sun yi cincirindo a kan wani mutum mai baƙin akwati. Ya jona ƙwan lantarki biyu da fanka a jikin akwatin, ga su kuwa suna aiki, yana ta rantse-rantse cewa wannan janareta ne wanda ba ya shan mai, ba ruwansa da rana, ba ya kuma mutuwa. Ya ce wai Turawa sun gano asirin tun 1989, amma masu sayar da fetur suka sa aka binne maganar. Kawu, wanda tsadar mai ta rage masa noman rani, ya juyo ya ce da ni, "Kai ɗan nan, ku kuka yi boko. In sayar da maraƙin nan in saya?" Na ce, "Kawu, a dakata tukuna." Na roƙi mai akwati ya bari mu jona masa dutsen guga tun daga la'asar har asuba, in ya kwana da zafi mu biya ba ciniki. Sai ya ce sauri yake yi, zai wuce wata kasuwa.

Maraƙi dai ya tsira, amma abin ya biyo ni har makaranta. Me ya sa dattijo mai hankali, wanda ba a cutarsa a cinikin hatsi ko na dabba, ya kusa faɗawa wannan rami? Amsar da na samu tana cikin tarihi, shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu tarihin yadda mutanen yankinmu suka yi ta neman wuta, da kuma gaskiyar abin da ya faru a 1989.

Lokacin da wuta ke fitowa daga gona

Kakanninmu na Gwarzo da Getso da Kabo da Garo ba su san jiran wani ya kawo musu wuta ba. Fitilarsu aci-bal-bal ce, wato ɗan kasko da man gyaɗa ko na kaɗanya, da lagwani na auduga, duk kuwa daga gona da daji suke. Almajirai su yo kara da rana, su hura da dare su yi karatun allo a gefen wutar. Maƙeri ya yi aiki da gawayin ƙirya da zugazugi. Mai lambu a fadama ya ɗebo ruwa da jigo, mata su yi daka a turmi, su yi niƙa a dutse, jaki ya kai kaya kasuwa. In ana maganar cin gashin kai wajen makamashi, to wannan shi ne na asali.

Amma kada mu yaudari kanmu, cin gashin kai ne mai tsada. Ƙarfin damtse ne kuɗinsa, mata kuma su suka fi biya. Hayaƙi ya ci idanu, jigo kuwa ba ya shayar da abin da ya wuce ɗan fegi. Saboda haka da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantuna suka cika da kananzir da fitilar ƙwai, daga baya tocila da batir suka biyo, ba wanda ya tsaya yi wa aci-bal-bal kuka. Sai dai tun daga lokacin nan hasken ɗakin talaka ya koma abin saye, yana zuwa daga ƙasar da bai taɓa gani ba, a kan farashin da ba shi ya yanka ba.

Zamanin falwaya

Birnin Kano ya sami lantarki da ruwan famfo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga injinan da aka kafa a Challawa. Ƙauye kuwa sai labari. A 1968 aka gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara, a 1972 kuma aka haɗe hukumomin lantarki biyu na ƙasa aka sami NEPA. A wannan zamani ne Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya duƙufa ga gina madatsun ruwa, babbar cikinsu ita ce Tiga da aka gama a 1974. Yankinmu ma ya sami rabonsa na madatsu, irin su Guzuguzu da Magaga, sannan a 1992 aka gama babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyarmu ta kudu. Don ruwan sha da noman rani aka gina su. Sai a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin sa wa Tiga da Challawa injinan lantarki, aikin kuma ya ci shekaru.

A hankali falwaya ta bi titin Kano zuwa Gwarzo, ta ratsa cikin garuruwa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san murnar ranar da aka fara kunna ƙwai a ƙofar gidan dagaci. Ya kuma san abin da ya biyo baya: a kawo wuta a ɗauke, taransifoma ta ƙone a yi wata da watanni ana karo-karo. An sauya wa hukumar suna a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamba 2013, amma wutar da ƙasa ke samarwa ba ta taɓa isar jama'arta ba. A Oktoba 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da jihohin da ke kewaye da ita suka yi fiye da mako guda cikin duhu.

Mutane ba su zauna jira ba. Injin niƙa mai shan gas ya karɓi aikin dutse. Daga shekarun 1980, da taimakon hukumar KNARDA, ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur da rijiyar burtsatse suka kori jigo daga fadamu, noman tumatur da albasa da attaruhu ya bunƙasa. Mai aski da mai walda da mai cajin waya kowa ya nemi ɗan janaretansa. Wannan ma dogaro ne, don duk ya rataya a kan arahar fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ba ta kuma tsaya nan ba. To, mutumin da aka yi wa alkawarin wuta shekara hamsin, ga kuma injinsa ya kwanta don rashin mai, ba abin mamaki ba ne in ya saurari mai baƙin akwati. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Abin da ya faru a 1989

Mai akwati bai ƙagi shekarar ba, labarin ne ya juya. Ranar 23 ga Maris 1989 wasu masana kimiyyar haɗa magunguna su biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka tara 'yan jarida a Jami'ar Yuta ta Amurka, suka ce sun gano hanyar da za ta wadatar da duniya da makamashi.

Don a fahimci da'awarsu sai an san cewa hanya biyu ce ake fitar da ƙarfin da ke cikin ƙwayar zarra. Ta farko a fasa cibiyar ƙwaya mai nauyi irin ta yuraniyam. Haka tashoshin nukiliya ke aiki, haka ma ɗan ƙaramin injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kunna a 2004. Ta biyu a haɗe cibiyoyin ƙwayoyi marasa nauyi, irin na haidirojin, su zama hiliyam. Wannan ita ce wutar da ke ci a cikin rana. Wahalarta ita ce cibiyoyin nan ture juna suke yi, ba sa haɗuwa sai da matsi da zafi na fitar hankali. Zafin tsakiyar rana ya kai digiri miliyan 15. Su kuwa masanan nan biyu cewa suka yi sun haɗe su a cikin kwalba a kan tebur, ba tare da wannan zafi ba. Sun tsoma ƙarfen faladiyam cikin wani irin ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, suka sakar masa lantarki, suka ce zafin da ya fito ya fi ƙarfin da suka zuba. Abin da ake kira haɗin sanyi ke nan.

Duniya ta ɗauka. Amma kimiyya tana da wata al'ada wadda Bahaushe ya daɗe da sani, wato gani ya kori ji. Ɗakunan bincike a Amurka da Ingila da sauran ƙasashe suka kwaikwayi gwajin, mafi yawansu ba su ga komai ba, wasu da suka ce sun gani kuma suka janye maganarsu da suka gano kuskure a ma'auninsu. Haka nan ba a sami yawan burbushin nukiliya da ya wajaba a gani in da haɗin gaske ne ba. A watan Nuwamba na shekarar kwamitin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta naɗa ya ce babu gamsasshiyar hujja, aka sake dubawa a 2004 ba a sami abin da ya sauya hukuncin ba. Kamfanin Google ma ya ba wasu masana kuɗi suka sake gwadawa, a 2019 suka ba da rahoton cewa ba su ga abin ba. Ashe ba binne maganar aka yi ba, tone ta aka yi ta yi shekara talatin ba a tarar da komai ba.

Haɗin mai zafi kuwa gaskiya ne, sai dai da sauran tafiya. A Disamba 2022 wani ɗakin bincike na gwamnatin Amurka a Kalifoniya ya fitar da ƙarfin da ya ɗara wanda hasken leza ya kai kan ɗan ƙwayar man da aka harba. Amma lantarkin da na'urorin lezar suka sha ya ninka abin da aka samu kusan sau ɗari. Wanda ke jiran wannan ya shayar da albasarsa, albasa za ta bushe.

Tukunyar da ke bisa kanmu

Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta wannan tarihi shi ne, wutar da masana ke wahalar hurawa a ƙasa, Allah ya riga ya hura mana ita a sama, haskenta na iso mu cikin minti 8. Da tsakar rana in gari ya yi garau, kowace murabba'in mita tana samun wajen wat 1,000. Farantin da ke juya wannan haske ya zama lantarki ba da gangar 'yan jarida ya zo ba. A 1954 aka ƙera na farko mai amfani a Amurka, yana kama kashi 6 cikin 100 na hasken, ga tsada kamar zinariya. Aka yi ta gyara kaɗan-kaɗan har na yau ya kai wajen kashi 20, masana'antun ƙasar Sin kuma suka karya farashinsa da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Sannu ba ta hana zuwa. A ƙasarmu an kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato tun 1982. A Satumba 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a Janairu 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne wanda na gani da idona a hanyar gida: faranti a kan rufin masallaci, da kan shagon mai cajin waya, da kan tankin burtsatse, da kuma a bakin fadama yana juya famfon ban ruwa shiru ba hayaƙi. Ba wanda ya tara mutane ya yi musu rantsuwa. Manomi ya ga na maƙwabcinsa ya yi rani guda yana aiki, ya lissafa kuɗin man da ya huta saye, ya je ya sayo nasa. Wannan shi ne gwajin da haɗin sanyi ya kasa ci, da shi da baƙin akwati.

Duk da haka ban ce mun sami 'yanci ba. Farantin da batirin da inbata galibi daga waje suke zuwa, in naira ta faɗi su tashi. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti in ba a goge shi ba, zafin bazara yana kashe batir da wuri, jabun kaya sun cika kasuwa, masu gyara na ƙwarai kuma ba su da yawa a ƙauye. Talakan da ba shi da kuɗin saye a dunƙule har yanzu yana waje. Girki kuma yana nan a kan itace da kara kamar zamanin kakanni, daji yana ta ƙarewa.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya koya mini shi ne, duk wutar da ta amfani mutanen Gwarzo da Kabo, daga aci-bal-bal har injin ban ruwa, wadda suka fahimta ce, suka iya gwada ta, suka kuma iya gyara ta da hannunsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A nan ne aiki ya faɗo kanmu, mu 'yan Ƙungiyar Hausa. Kawuna ya san mudu da tiya, shi ya sa ba a cutarsa a kasuwar hatsi. Da an bayyana masa wat da bolt da ƙarfin batir da harshensa, da shi da kansa zai ce a buɗe akwatin nan a ga batirin da ke ciki. Ina roƙon malamanmu na Hausa da 'yan'uwanmu na sashen kimiyya da injiniya su zauna tare, su daidaita kalmomin wannan fanni, a rubuta ƙananan littattafai, a kai su makarantu da gidajen rediyo. In ba mu yi ba, masu akwati za su ci gaba da yi wa iyayenmu bayani da Hausar da ta fi tamu daɗi.

Shi kuwa Kawu, da kaka ta yi sai suka haɗa kuɗi da maƙwabtansa biyu suka sayi faranti da famfo, suna karɓa-karɓa. Allah ya sa albarka, ya kuma ba mu ilmi mai amfani, amin.