Bishop Tugwell da Tafiyar Kano ta 1900

A tarihin cuɗanyar ƙasar Hausa da Turawan mishan, da wuya a sami tafiyar da ta gaza cimma burinta, amma ta bar sawu mai zurfi, kamar wadda Bishop Herbert Tugwell ya jagoranta zuwa Kano.

An haifi Tugwell a Ingila a 1854. Bayan ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ya zama limamin ɗariƙar Angilika, ƙungiyar mishan ta CMS kuma ta aiko shi Legas. A 1894 aka naɗa shi bishop, bayan rasuwar Bishop Hill. Ƙasar da aka danƙa masa ta kama tun daga bakin teku har yankin Kwara da Binuwai. A kudu ya yi suna wajen yaƙi da cinikin barasar da ƴan kasuwar Turai suke jibgewa a tashoshin ruwa, amma hankalinsa yana arewa, inda ya ji labarin harshen da fatake suka kai har Gwanja da Tarabulus.

A farkon 1900 ya tashi daga Legas da abokan tafiya huɗu: Likita Walter Miller, Richardson, Dudley Ryder da Burgin. Wasunsu sun riga sun koyi Hausa a Tarabulus, wurin Hausawa mazauna can. Sun ratsa Zariya a zamanin Sarki Kwasau, suka isa Kano a watan Afrilu. Sai dai lokacin bai yi musu daɗi ba, domin a ranar 1 ga Janairun shekarar Lugga ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ga dalilin bambanta mai littafi da mai bindiga ba, balle baƙin da suka shigo ba da izininsa ba. Ya ba su ƴan kwanaki su bar garin.

Suka koma Girku, kudu da Zariya. Can ciwo ya kashe Ryder, gobara ta cinye masaukinsu, sauran suka janye. Gaggawa, in ji Hausawa, ba ta haifar ɗa mai ido. Wannan kora tana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƴan mulkin mallaka su taƙaita shigar mishan masarautun Musulmi, ko bayan cin Kano a 1903. Da yake boko a lokacin yawanci a hannun mishan yake, matakin ya shafi yaɗuwar makarantu a Arewa shekaru da dama.

Duk da haka irin bai mutu ba. Miller ya dawo, ya zauna a birnin Zariya a 1905 da makaranta da ɗakin magani, aikin da aka mayar Wusasa wajen 1929. Yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Fassarar ta ƙetaro iyaka, ta shiga hannun Kiristocin da mishan ɗin SIM ya tara a Damagaram da Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi.

Tugwell ya ajiye aiki a 1921, ya rasu a 1936. Kwanakin da ya yi a Kano ba su taka kara sun karya ba, amma mai nazarin rubutun Hausa na boko, a Nijeriya ko a Nijar, ba zai tsallake ayarin da ya ja ba.