Yadda Talla Ta Kutsa Cikin Intanet

Wanda ya buɗe wayarsa yau ya ci karo da tallan atamfa da na maganin basir da na fili a bayan gari, da wuya ya yarda cewa an yi zamanin da saye da sayarwa haramun ne a intanet. Amma an yi. Uwar intanet, wato ARPANET, ma'aikatar tsaron Amurka ce ta kafa ta a 1969 da kuɗin gwamnati, domin malaman jami'a da masu bincike su riƙa musayar ilimi. Masu amfani da ita sun ɗauke ta tamkar zauren karatu, inda ba a shiga da faranti a ka.

Wanda ya fara karya wannan ƙa'ida shi ne Gary Thuerk, jami'in talla a kamfanin kwamfuta na DEC. A ranar 3 ga Mayun 1978 ya aika wa mutum kusan 400 saƙo guda, yana gayyatarsu su zo Kalifoniya su ga sabuwar kwamfutar kamfaninsa. Aka yi masa ca. Hukumar sojan da ke kula da hanyar ta ja wa kamfanin kunne. Shi kuwa daga baya ya ce saƙon ya jawo ciniki na miliyoyin daloli, kuma wannan ne darasin da 'yan kasuwa suka riƙe, ba faɗan da aka yi masa ba.

Duk da haka ƙa'idar ta daɗe. Ko da wata sabuwar hanya mai suna NSFNET ta gaji ARPANET, dokarta ta taƙaita amfani ga ilimi da bincike. Abin da ya fi burge ni a wannan zamani shi ne yadda masana kwamfuta suka sasanta lamarin a tsakaninsu. Ba su ce ciniki ƙazanta ne ba. Mutum yana da tsohuwar na'ura yana son rabuwa da ita, wani ɗalibi yana neman irinta da araha, ai haɗa su alheri ne. Sai suka ware wa masu sayarwa nasu wurin daban, suka ce mai haja ya kai can, mai neman haja ya bi shi can. Idan ana tsakiyar warware matsalar wata manhaja, kada kowa ya tsoma farashi a ciki. Tsari ne da Bahaushe ya sani: 'yar talla tana sallama a ƙofar gida, a ce ta shigo ko a ce an gode, ba ta faɗa wa mutane cikin ɗaki.

Wannan tsari ya rushe ne a ranar 12 ga Afrilun 1994. Wasu lauyoyi biyu, miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel daga jihar Arizona, suka yi amfani da wata 'yar manhaja suka watsa talla guda a zauruka fiye da 5,000 na dandalin tattaunawa na Usenet cikin sa'o'i kaɗan. Abin da suke tallatawa ma ya isa abin takaici: za su karɓi kuɗi su cike wa baƙi takardar cacar bizar zama a Amurka, alhali kowa yana iya aikawa da kansa da kuɗin kan sarki. Ƙorafin da ya biyo baya sai da ya durƙusar da kwamfutocin kamfanin da ke ba su intanet, aka rufe musu layi. Ko a jikinsu. Suka rubuta littafi suna koya wa wasu yadda ake yi. A 1997 jihar Tennessee ta ƙwace wa Canter lasisin aikin lauya, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A Oktoban 1994 mujallar intanet ta HotWired ta fara sayar da gurbin talla a shafinta. A Afrilun 1995 aka sallami NSFNET, hanyar ta koma hannun kamfanoni, kuma a shekarar Amazon da eBay suka fara ciniki. Google da Facebook suka zo suka gina mafi yawan dukiyarsu a kan talla. Amurka ta yi doka a kan saƙonnin da ba a nema ba a 2003.

Ni ban ga laifin mai neman halaliyarsa ba. Matan aure da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi suna sayar da turaren wuta da kayan kicin ta waya ba tare da sun taka kasuwa ba, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Abin da na ƙi shi ne abin da aka ƙi tun 1978, wato a cinye wa mutum lokaci da data ba da izininsa ba, a binne maganar ilimi ƙarƙashin hotunan haja.

A Najeriya, tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ware lamba 2442 don toshe saƙonnin tallan da kamfanonin waya ke turowa. Mai karatu, idan sun dame ka, rubuta STOP ka aika wa wannan lamba, kyauta ne.