Tarihin Koyon Ɗinki a Gusau da Kewayenta

Wanda duk ya ke so ya san yadda Hausawa su ka koyi ɗinki, ya kamata ya fara duban kalmomin da maɗinka ke aiki da su, gama kalma ta kan riƙe tarihin da mutane su ka manta. Allura da almakashi da aljihu da alharini da alkyabba, dukansu daga Larabci su ka fito, har sun taho da "al" ɗinsu ba ta faɗi a hanya ba. Tela da yadi da inci da siket da kwat kuwa na Ingilishi ne. Kalmar keke ta biyo ta bakin Yarbawa. Amma kaɗi da saƙa da rini da bugu da ɗinki kansa, waɗannan Hausa ce tsantsa. Watau ke nan sana'ar tufa tana da tushe na gida, sa'an nan baƙi iri biyu su ka ɗora mata nasu, na farko ta Hamada, na biyu ta bakin teku, kowanne kuwa ya zo da irin tasa hanyar koyarwa.

Ƙasar da Gusau da Tsafe da Bunguɗu su ke ciki ƙasar auduga ce tun da daɗewa. Kusa da Tsafe ne tsohon garin 'Yandoto ya ke, wanda ya yi suna wajen malamai tun kafin jihadi, har rundunar Muhammadu Bello ta ci shi wajen shekarar 1806. A cikin wannan zamani ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau. Bello kansa, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaji, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban sarki, ya kuwa ambaci maɗinka da marina tare da manoma da maƙera. Irin yadda wannan sana'a ta bunƙasa a daular Sakkwato ana iya gane shi daga lissafin Bature Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya kimanta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla.

A wancan zamani aikin tufa a rabe ya ke tsakanin maza da mata, kuma rabon ya bambanta da wanda a ka sani yanzu. Mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Maza ke saƙa sawaye a masaƙa, su ke rini a karofi, su ke bugu, su ne kuma ke riƙe allura. Ɗinkin riga da wando da hula aikin namiji ne, galibi ma na malami da almajiransa, domin sana'a ce mai tsabta wadda mutum ke iya yi a zaune a zaure bayan ya wanke allo, ba ta hana shi sauraron karatu. Yaro ya kan fara da zura zare a allura da haɗa ƙwarya da ƙwarya. In hannunsa ya faɗa sai a ba shi kalmasa, daga nan hula, daga nan wuyan taguwa. Ba a ba shi gaban babbar riga sai ya shekara da shekaru, gama kuskure ɗaya a kan saƙi ko tsamiya hasara ce ta kuɗi mai yawa.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne yadda a ke yankan rigar. Tun da ya ke ƙyallen siriri ne, wani faɗinsa bai wuce yatsu biyu ko uku ba, maɗinki ba ya yanka shi bisa siffar jiki. Jera shi ya ke yi, ya ƙidaya ƙwarya, ya auna da kamu da taƙi, har riga ta tashi da layuka miƙaƙƙu, ba a zubar da kome. Saboda haka darajar riga a yawan ƙwaryarta ta ke da kyan aikinta. Shi kuwa aikin, watau aska biyu ko aska takwas da tambari da sauransu, ba mai ɗinkin ne ya kan zana shi ba. Akwai masu zane daban, yawancinsu malamai, da su kan zana da alƙalami da tawada, irin waɗanda su ke rubutu da su, sa'an nan a miƙa wa mai allura ya bi. Ashe dai raba mai tsara tufa da mai ɗinka ta, abin da makarantu ke koyarwa yau kamar baƙon ilmi, Hausawa sun san shi tun ba a ga keke ba. Illa iyaka ba a rubuta shi a littafi ba, a hannu da ido a ke gadonsa.

Zuwan Turawa bai taɓa wannan tsari nan da nan ba. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda gwanayen gari ke koya wa yara maza aikin hannu, har da ɗinki. Abin da ya sauya al'amari a ƙasar Gusau jirgin ƙasa ne. Hanyar dogo da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin auduga na Ingila, wanda a ke kira B.C.G.A., ya kafa injin gurza a Gusau, kantunan Turawa su ka buɗe, auduga da gyaɗa na fita, akoko da atamfa masu faɗin yadi na shigowa. Tare da su keken ɗinki ya zo, Singer mafi yawa, da mutanen Kudu da su ka iya shi.

Daga nan a ka sami mutum biyu a sana'a ɗaya, harshe kuma ya raba musu suna: maɗinki mai allura a zaure, tela mai keke a bakin kasuwa. Koyo wurin tela ya fi sauri. Yaro ya kan yi shara da guga da sa maɓalli, ya taka keke ba zare har ƙafarsa ta saba, kāna ya ɗinka abin da maigidansa ya yanka. Yanka shi ne sirrin, shi a kan ɓoye har ƙarshe, domin ran da yaro ya iya almakashi ran nan ya ke shirin buɗe nasa shago. Mutanen ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe da yawa ta wannan hanya su ka sami sana'ar rani, su koya a Gusau, su koma gida da keke a ka.

Makarantar boko ita ce ta juya rabon aiki. Da a ka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930, da ta horon mata a Sakkwato a 1939, malamai mata na Ingila su ka sa ɗinki cikin darussan kula da gida, gama a ƙasarsu allura ta mace ce. Ba su tambaya ba ko a nan haka abin ya ke. Tun daga lokacin ɗinkin aji ya zama na mata, ɗinkin kasuwa ya zauna hannun maza, har Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da a ka kafa a Gusau wajen ƙarshen shekarun 1980, wadda ta mata ce zalla, ta gāji wannan layi a sashenta na tattalin gida.

A mataki na sama kuwa Zariya ce mafari. An mai da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun zuwa Zariya a 1955, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da a ka kafa a 1962, daga baya a ka ware sashen tsara kayan masana'antu, inda a ke koyon saƙa da rini da buga zane a yadi. A nan ne David Heathcote ya yi bincikensa a kan aikin rigunan Hausa, ya kammala a 1979. Masaƙar zamani ta Zamfara da a ka buɗe a Gusau cikin shekarun 1960, bayan ta Kaduna ta 1957, ta zama wurin aiki ga waɗanda su ka yi irin wannan karatu, har ta tsaya a farkon shekarun 2000 tare da 'yan'uwanta na Kaduna, sa'ad da yadin waje ya cika kasuwa.

Ɗalibin da ya shiga ajin farko na ɗinki a kwaleji ko jami'a ya kan fara da awon jiki da tef, da zana fasalin tufa a takarda, da yankan hannu da wuya masu lanƙwasa, da sanin halin zare da yadi. Wannan ilmi ne na gaske, ya kuwa fi na shagon tela da abu ɗaya, watau ba a ɓoye yanka, da shi ma a ke farawa. Amma tushensa tufar Turai ce, wadda ke bin jiki, da Turanci kuma a ke bayar da shi. Sai a ga ɗalibi daga Tsafe ya iya fitar da kwat a takarda, alhali bai san ƙwarya nawa ke cikin rigar da kakansa ya bari ba, ko sunan aikin da ke gabanta.

Aikin hannun bai mutu ba, hannu ya sauya. A birnin Zariya, daga shekarun 1970 zuwa 1980, matan aure na cikin gida su ka karɓi aikin babbar riga da maza su ka fara saki, ɗinkin hula kuma ya bazu cikin gidaje ko'ina a Arewa, har da na ƙasar Zamfara. Su ma a gida su ke koyo, uwa ta nuna wa 'ya, maƙwabciya ta nuna wa amarya, mai zane kuma har yanzu daban ya ke, a kan aika masa da ƙyalle da yaro, ya zana ya mayar.