Asalin Sana'ar Masu Gyaran Kuloci da Giya a Ƙasar Potiskum

Duk wanda ya taso daga Ngojin ko Alaraba da sassafe ya nufi cikin garin Potiskum, ba zai rasa ganin manyan motoci jere a bakin hanya ba, waɗansu an loda musu hatsi, waɗansu suna jiran shanu, waɗansu kuwa an ɗaga su bisa jak, ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashinsu. Wannan mutum da ke kwance cikin ƙura da baƙin mai, wanda jama'a ke wucewa ba su kula da shi ba, shi ne ya gaji wani ilmi mai silsila, wanda ya cancanci a rubuta tarihinsa tun ma'abotansa suna raye.

Sababin kafuwar wannan sana'a a nan ba ɓoyayye ba ne. Yayin da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ta iso Kano a 1911, ta kai Nguru a 1930, daga bisani wani reshe ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, sai aka bar Potiskum a tsakiya babu dogo, alhali kuwa tun 1924, lokacin da Sarkin Fika ya komo da mazauninsa nan, garin yake ta bunƙasa, hanyoyin Kano da Jos da Gashuwa da Maiduguri duk suna gamuwa a cikinsa. Saboda haka kayan da jirgi ke ɗauka a waɗansu garuruwa, a nan sai mota ta ɗauka. Kuma inda mota ta yawaita, lalle ne a sami mai yi mata magani.

Da ma ƙasar ba baƙuwar ƙarfe ba ce, domin maƙera sun daɗe suna aikinsu, suna jingina sana'arsu ga Annabi Dawuda, alaihissalam, wanda Allah ya tausasa masa ƙarfe. Amma mota ta zo da wata mas'ala sabuwa: maƙeri yana ganin abin da yake ƙerawa, shi kuwa bakanike illar da yake nema tana ɓoye cikin tukunyar ƙarfe mai nauyi, wadda ba a sauke ta sai an tara ƙarti. A zamanin Bedford da Austin, da Marsandi 911 da ta biyo bayansu, kayan gyara sai an aika Kano ko Jos, don haka wanda ya yi kuskuren gane ciwo ya jawo wa mai mota hasarar kwanaki. Wannan larura ce ta koya wa magabatan sana'ar su yi hukunci da alamomin zahiri kafin su buɗe baɗini.

Ga yadda abin yake har yau a hannun waɗanda suka ƙware. Direba zai zo ya durƙusa ya gaisa, ya ce, “Maigida, mota ta ƙi hawa tudu, inji yana kuka amma ba ta ci gaba.” Maigida ba zai ɗauki sifana ba tukuna. Zai sa a ja birkin hannu, a sa babbar giya, a saki kuloci sannu a hankali: idan inji ya mutu, kuloci yana da sauran rai, idan kuwa ya ci gaba da juyawa, ga kuma ƙaurin ƙuna yana tashi, to farantin kuloci ya cinye. Sa'an nan ya kasa kunne. Ƙarar da ke tasowa sa'ad da aka taka kuloci, ta boris ɗin kuloci ce. Wadda ake ji mota tana furi, ta ɗauke da zarar an taka, tana cikin giyabos. In giya ɗaya ce tak ke gurzawa wajen shiga, zoben tagullar da ke daidaita gudunta ya suɗe. In kuwa dukkansu ne, musamman ribas, kuloci ne ba ya saki sarai. Giyar da ke tsalle ta fita da kanta kuma, haƙoranta ko cokalin da ke tura ta ne suka gaji.

Bayan wannan sai tahƙiƙi. Za a tsiyaye man giya cikin kwano, maigida ya tsoma yatsa ya ɗaga wa rana: ƙyalƙyalin rawaya shaidar tagulla ce, garin ƙarfen da ya manne wa mayen ƙarfe kuwa shaidar haƙora ko boris. Idan an sauke giyar, zai shafa fuskar farantin ya ga ko ƙusoshinsa sun fito fili, ya duba filawil ko zafi ya yi masa shuɗin tabo da tsaga, ya duba ko mai yana ɗigowa daga bayan inji, domin wanda ya ɗaura sabon faranti bai toshe yoyon ba, ya yi aikin baban giwa. A da, ba a yar da farantin da ya cinye, sai a kankare tsohuwar fatarsa a buga masa sabuwa da ƙusoshi.

Sana'ar ta sami yalwa bayan da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, da Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, yara suka cika garejoji suna koyo shekara da shekaru, daga wankin noti har ranar yaye, wadda take tamkar ijaza ga almajiri. Amma tun daga 1986, da aka karya darajar naira, sababbin kaya suka gagari talaka, tsofaffin kayan Turai da ake kira 'yan Beljiyam suka cika kasuwa, har ya zamana sauƙin da ke cikin ɗaura wani giyabos ɗungurungum ya fara kashe himmar binciken na farko. Da yawa daga yaran yanzu sun iya kwancewa da ɗaurawa, amma ba su iya sauraro ba.

Wannan rashi ya shafi amana, domin mai mota ba ya ganin cikin giya, maganar bakanike ita ce hujjarsa. Wanda ya sa shi sayen giyabos alhali zobe ɗaya ne ya lalace, ko da jahilci ne ya ja shi, ya cinye masa dukiya ba bisa haƙƙi ba. Saboda haka muna kira ga dattawan sana'ar da ke Potiskum da kewayenta, kada su yaye yaro sai ya iya faɗin illar mota kafin a kwance noti ɗaya, kuma muna roƙon samari su zauna gaban waɗannan dattawa su kwashi abin da ke ƙirjinsu tun da sauran dama. Allah ya sa albarka a cikin nema, ya tsare masu tafiya bisa hanya.