Fadar Paz: Gidan Ɗan Jarida Da Ya Koma Kulob Ɗin Sojojin Ajantina

A Buenos Aires, babban birnin Ajantina, daura da dandalin San Martín, akwai wani katafaren gida da ake kira Palacio Paz, wato Fadar Paz. Nan ne mazaunin Círculo Militar, kulob ɗin hafsoshin sojan ƙasar da aka kafa a 1881. Kamar dai mes ɗin hafsoshi da muka sani a barikokinmu, wurin cin abinci da hira da bukukuwa, sai dai wannan ya yi musu nisa.

Ba don sojoji aka gina shi ba. Mai gidan shi ne José C. Paz, wanda ya kafa jaridar La Prensa a 1869, daga baya ya yi jakadan ƙasarsa a Faransa. Zaman Faris ya shiga ransa, sai ya sa wani Bafaranshe, Louis Sortais, ya zana masa gida irin na sarakunan can. An fara aiki a 1902, aka gama a 1914. Paz ya rasu a 1912, bai kwana a ciki ko sau ɗaya ba. Shi ma Sortais bai ga ƙarshen aikin ba.

Girman ginin ya kai murabba'in mita 12,000, ɗakuna kusan 140. Rufinsa na baƙin dutse ne mai gangare, ƙofar shiga ta ƙarfe ce doguwa, kuma yawancin kayan ado daga Turai aka yo jigilarsu. A ganina abin kallo shi ne babban zauren nan mai da'ira, an lulluɓe shi da marmara, sama kuma ga ƙubba.

Ni da na taso a kara, abin da ya fi jan hankalina shi ne zamanin. Lokacin nan naman shanu da alkama ne suka sa Ajantina cikin ƙasashe mafiya arziki, jiragen ruwa masu sanyi na kai nama Ingila, attajirai na gasar gina fadoji. Da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1929, riƙon irin waɗannan gidaje ya gagari masu su, aka shiga sayarwa. A 1938 Fadar Paz ta koma hannun kulob ɗin.

Yau a wani ɓangarenta akwai gidan tarihin makamai na ƙasa, kuma ana zagayawa da baƙi wasu zaurukan.